Tambayi Likitan Dabbobi: Ƙananan karnukan waje da ciwukan da ake sayowa tare da su

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan saƙonnin da suka fi yawa akan ƙananan karnukan nan ne masu gashi buzu-buzu da suka cika gidaje yanzu a nan Kaduna, a Barnawa da Malali da Unguwar Rimi, su Lasa da Eskimo da Pomeraniyan da 'yan uwansu. Da can in kaji ana zancen kare a garin nan to na gadi ne ko na 'yan farauta, yanzu kuwa har a kujerar gaban mota zaka ganshi a hakimce an ɗaure mishi gashin goshi da ribom. Na zaɓo kaɗan daga ciki, wasu na rage musu tsawo, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

Tambaya: Likita barka da aiki, ni dai abun duniya ne ya isheni. Na ga wata 'yar kwikwiyar Lasa a Instagram fara tas kamar auduga, mai ita yace yana Legas, na tura mishi kuɗi ya sakota a kwali ya ba direba na je tasha na karɓo. Yace satinta 6 kuma an mata allura duka. Kwana huɗu da zuwanta ta daina cin abinci, sai amai, sai zawo da jini mai wani irin ƙarni, kafin mu ankara ta mutu, shi kuma mutumin ya yi bulokin ɗina. Yara har yanzu kuka suke, Abbansu yace zai sayo musu wata satin nan. Me ya kasheta, kuma ba matsala a kawo wata? Daga wata uwa a Malali.

Amsa: Hajiya sannu, Allah ya mayar da alheri, a rarrashi yara. Ban ga kwikwiyar da idona ba amma yadda kika jero alamomin nan, ƙin abinci da amai da zawon jini mai ƙarni a ɗan kwikwiyo, cutar parbo ce ta fara zuwa min rai. Ƙwayar bairos ce da ta ɓulla a duniya wajen 1978, tana cinye fatar cikin hanji ta kuma karya garkuwar jiki, kuma bata nuna kanta sai bayan kwana 3 zuwa 7 da shiga jiki, wani lokacin ma fiye, kinga kenan mai yiwuwa da ita ta baro Legas ko kuma a hanya ta kwasa. Babu wata allura da ke kashe ƙwayar kanta, abun da muke yi shine ƙarin ruwa da maganin amai da na kare jini daga ƙwayoyin hanji har jikin ya ci ƙarfinta, in an kawo da wuri da yawa suna tashi, in aka zauna ana jiƙa musu ganye a gida mafi yawa tafiya suke.

Zancen wai an mata allura duka a sati 6 kuwa ƙarya ce tsagwaronta. A sati 6 zuwa 8 ake fara ta farko, a riƙa maimaitawa duk bayan sati 3 ko 4 har sai ta kai sati 16, ta haukan kare kuma sai ta cika wata 3. Dalilin maimaitawar shine kariyar da ta sha a nonon uwa tana iya kashe ƙarfin allurar farko, kuma babu wanda ya san takamaiman ranar da kariyar zata ƙare a jikin kowane kwikwiyo, shi yasa ake ta bi har a dace. Banda haka ma sati 6 yayi kaɗan a raba ta da uwa, ƙa'ida sati 8 ne, irin ƙananan nan ni nafi so su kai 10 ko 12. Ki duba fa, jaririyar da bata gama sakin nono ba a cusa ta a kwali kusa da buhunan kaya ta wuni ta kwana a hanya ba ruwa ba abinci, ai ko lafiyarta ƙalau ta taso sai ta iso a galabaice.

Ki faɗa wa Alhaji dan Allah ya dakata, kar a kawo wata satin nan. Ƙwayar nan tana da taurin rai, tana iya yin watanni har shekara a ƙasar tsakar gida musamman inda rana bata bugu, kuma sabulu baya kashe ta. Bilic ne maganinta, ki auna kofi 1 cikin kofi 30 na ruwa ki wanke tayil da kwanuka da keji bayan kin kwashe datti, ki barshi ya jiƙa kamar minti 10, tsumman da ta kwanta a kai ki ƙona. In za a sake kawowa a kawo wadda ta gama alluranta kaf. Yara kuma hankalinki ya kwanta, parbon kare bata kama mutum.

Tambaya: Salam likita. Ina da Pug ɗan shekara biyu, tunda na sayeshi yake minshari ko idonshi biyu, mu har dariya yake bamu. To amma ran Asabar na fita dashi da rana muka ɗan zaga layi, muna dawowa ya zube a ƙofar gida harshe waje yana wani irin gurnani harshen har yayi shuɗi-shuɗi, sai da muka kwara mishi ruwa ya farfaɗo. Wanda ya sayar min yace haka jinsinsu yake ba komai. Daga wani matashi a Narayi.

Amsa: Ƙanena, a zancen mutumin nan rabi gaskiya ne. Haka jinsinsu yake, eh, amma ba komai ɗin nan ne ban yarda ba, domin abun da ka gani ran Asabar saura ƙiris ya zama gawa.

Bari in kwatanta maka. Su Pug da buldog ɗin Faransa da Shitsu da Pekinis mutane ne suka yi ta zaɓen masu gajeren hanci suna haɗawa shekara da shekaru har fuskar ta koma kamar an danna ta da faranti. Ƙashin ya gajarce amma naman da ke ciki bai ragu ba, kamar ka kwashe kayan falo uku ka cusa a shago ɗaya. Sai ƙofar hanci ta matse ta zama 'yar tsaga, naman ganɗa yayi tsawo yana reto a bakin maƙogwaro, duk numfashi ɗaya sai ya ja da ƙarfi, wannan ƙarar da kuke wa dariya ita ce. Shi kuma kare baya gumi irin namu sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi, to wanda hanyar iskarshi take a toshe da me zai huce? Zafin jikin kare lafiyayye digiri 38 zuwa 39 ne da ɗan ɗori, in ya haura 41 ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta sun fara dahuwa. Yanzu ka haɗa wannan da zafin Maris da Afrilu na Kaduna, kwalta na tiriri, NEPA sun ɗauke tun safe.

Akwai wani da aka taɓa kawo min irin naka a bayan mota, an barshi ciki an shiga banki wai minti goma, gilashi a ɗan sauke. Da na sa hannu a cinyarshi kamar na taɓa murfin tukunya, dasashinshi ja wur, yawu yayi kauri yana ja kamar kuɓewa. Mun yi iya yinmu bai kai la'asar ba, mai shi babban mutum da furfura ya zauna a benci ya rufe fuska da hula.

Saboda haka fita sai da sassafe ko bayan magariba, ka fara ɗora bayan hannunka a ƙasa in kai baka iya jurewa to shima haka. Ruwa a gabanshi kullum, wuri mai inuwa da iska, in da hali fankar sola. In ya sake yi, kwara ruwan da kuka yi daidai ne, ruwan randa ko na famfo mai sanyi a jiki duka a kunna fanka ko a yi ta fifita, kar a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul domin riƙe zafin yake, sannan a wuce asibiti ko da ya miƙe yana kaɗa jela, ɓarnar ciki takan fito daga baya. Ka rage mishi ƙiba, Pug akwai ci kamar gara kuma duk kitsen wuya ƙara shaƙe shi yake. Sannan ka kaishi a duba hancin, akwai tiyatar da ake buɗa ƙofar hanci a rage naman ganɗar, likitanka zai iya turaka asibitin koyarwa na dabbobi na jami'ar Ahmadu Bello a Samaru in abun ya fi ƙarfin kayan aikinshi. Idanun nan nasu da suka firfito suma ka sa musu ido lokacin hunturu, ƙura na saurin yi musu gyambo, in kaga yana runtse ɗaya yana hawaye kar ka kwana dashi.

Turawa ma fa sun fara dawowa daga rakiyar abun. A Holan tun 2019 hukuma ta fitar da ma'auni, karen da tsawon hancinshi bai kai kashi ɗaya cikin uku na ƙoƙon kai ba an hana a yi kiwon haihuwa dashi. Ƙasar sanyi kenan. Mu kuma nan muna neman wanda fuskarshi tafi lotsewa mu ƙara kuɗi a kai.

Tambaya: Likita Pomeraniyan ɗina in tana gudu sai ta ɗage ƙafar baya ɗaya tayi tsalle biyu uku sai ta miƙe ta ta cigaba kamar ba komai. Kuma tana wani tari kamar hon ɗin tsohuwar mota musamman in na ja igiyarta. Na bata rabin farasitamol ban ga canji ba. Daga wata ɗaliba a Unguwar Dosa.

Amsa: 'Yar uwa farasitamol ɗin nan ki daina daga yau, shi da ibuprofen da diklofenak duk maganin ciwon jikin mutane, karen da bai wuce kilo 2 ko 3 ba rabin ƙwaya ma yawa ne, hanta da ƙoda da ciki suke lalatawa.

Ɗingishin da kika kwatanta gocewar ƙoƙon gwiwa ne. Ƙoƙon yana zaune ne a wani ɗan kwari a ƙarshen ƙashin cinya, in kwarin bai yi zurfi ba ko ƙafar ta ɗan karkace tun haihuwa sai ya riƙa zamewa gefe, miƙe ƙafar da take yi mayar dashi take. Yana da yawa a Pomeraniyan da Ciwawa da Yoki da Maltis, kuma galibi gado ne. Muna kasa shi mataki 4, na ɗaya da na biyu sau da yawa ana lallaɓawa da rage ƙiba da hana ta dirowa daga gado ko kujera, na uku da na huɗu inda ƙoƙon ke zama a waje sai tiyata. Tayil ɗin nan mai santsi da muke so a falo abokin gabarta ne, ki shimfiɗa kafet ko darduma inda take yawan gudu.

Tarin kuma yafi kama da lotsewar maƙogwaro. Zobban guringuntsi ne ke riƙe bututun iska a buɗe, a ƙananan karnuka sukan yi laushi bututun ya riƙa mannewa kamar tsinken shan lemo in an zuƙa da ƙarfi. Ki cire abun wuyan nan ki sayo ɗamarar ƙirji wadda igiya ke kamawa ta gadon baya. Sai abun da nasan ba zaki so ji ba, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa suna tayar da tarin sosai, in zaki turara ɗaki ki fitar da ita tukunna. Amma a je a saurari ƙirjinta a ɗauki hoto, domin ciwon zuciya ma yana kawo tari a irinsu in sun fara manyanta.

Tambaya: Bakin Lasa ɗinmu wari yake kamar kwata, shekararshi huɗu. Abun da muke ci muke bashi. Daga wani magidanci a Kabala.

Amsa: Malam ɗaga leɓenshi ka leƙa, zaka ga wani abu ruwan ƙasa ya daskare a gindin haƙoran kamar ƙanzo, dasashi yayi ja. Kare na da haƙoran nono 28, na girma 42, kuma 42 ɗin nan da ke bakin babban karen gadi su ne dai a ɗan bakin Lasa, sai su cunkushe abinci na maƙalewa. Wasu ma haƙorin nonon baya faɗuwa bayan wata 6 ko 7 sai kaga fiƙa biyu jere. A wannan matakin buroshi ba zai cire ba, sai an sa mishi maganin barci an kankare an cire masu girgiɗi, daga nan ka riƙa goge mishi da man baki na karnuka, banda namu.

Abun da muke ci ɗin nan kuma a yi hattara. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ga miyarmu kuwa ba a rabata da albasa, balle tsire. Cakulan guba ce, inabi da zabibi na kashe ƙoda, goro ma kar a bari ya tauna. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya huda hanji.

Tambaya: Likita kai musulmi ne kuwa? Ya zaka ɓata shafi akan karen ado alhali kasan hukuncin ajiye kare a gida? Daga wani dattijo a Tudun Wada.

Amsa: Baba Allah ya ƙara girma, na gode da tunatarwa. Hukunci na malamai ne, sun yi bayani akan karen farauta da na kiwo da na gadin gona da abun da ya saɓa wa haka, duk mai shakka ya je ya tambaya kafin ya saya, ni iyakata allura da magani. Shafin nan kuma Kaduna gaba ɗaya yake wa aiki, daga Kawo har Sabon Tasha, musulmi da kirista. Dabbar da ta riga ta shigo hannun mutum dai haƙƙinta na wuyanshi, Baba ka fini sanin hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Kuma karen maƙwabcinka in ba a mishi rigakafi ba jikokinka ne a hatsari, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Wanda kare ya ciza ko ɗan mitsitsi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 a wuce asibiti ranar.

Tambaya: Likita ina so in saya wa matata ƙaramin kare, wani ya nuna min hoton Ciwawa a cikin kofin shayi yace irin tikof ne baya girma, takardunshi daga waje suke. Wani kuma yana cewa in sayi Kabaliya. Ni ban san kan abun ba, ta ina zan gane mai kiwon kirki da ɗan damfara? Daga wani ango a Barnawa.

Amsa: Ango kasha ƙamshi, kai ne kayi abun da nake so, tambaya kafin biya.

Fara cire tikof daga lissafi. Babu wani jinsi mai wannan sunan a rajistar manyan ƙungiyoyin karnuka, sunan talla ne. Ciwawa na asali ma bai cika wuce kilo 3 ba, to su sai su ɗauko mafi tsumburewa a cikin haihuwa su haɗa da wani tsumburarren, wasu kuma kwikwiyon sati 4 ne kawai suke ƙara wa shekaru, in ya kwana biyu a gidanka ya fara girma ka rasa wanda zaka kama. Irinsu sikarin jininsu na faɗuwa in sun yi 'yan awoyi basu ci ba, kaga kwikwiyo yayi laƙwas yana rawar jiki yana tangaɗi har ya fara farfaɗiya, dole a ciyar dasu sau 4 ko fiye a rana, in ya faɗi a shafa zuma a dasashi kar a ɗura a maƙogwaro, a ruga asibiti. Wasu maɗigarsu bata rufewa, wasu ruwa na taruwa a kai, ƙashin ƙafa kuwa kamar tsinken tsire, faɗowa daga hannun yaro ya isa ya karya.

Kabaliya kare ne mai daɗin hali ba ƙarya, amma ciwon murfin zuciya ya yi musu katutu kuma da wuri yake kama su, ga wani na ƙoƙon kai da ke matse ƙwaƙwalwa. Abun ya kai a Nowe sai da aka je kotu, a 2023 kotun ƙolinsu ta tabbatar da haramcin kiwon haihuwar jinsin a ƙasar. Kaga kalmar tsantsar jini da dillalai ke ta nanatawa bata nufin lafiya, sau tari ma ita ce ke nuna dangi kaɗan aka yi ta juyawa a tsakaninsu har ciwon gado ya zauna daram. In dai a garin nan zaka zauna dashi, mai hanci sosai irin Eskimo ko Lasa da fuskarshi bata lotse ba ya fi sauƙin riƙo, duk da su ma gashin na son tajewa kusan kullum in ba haka ba ya cukurkuɗe kaska da ƙuma su samu maɓoya, Lasa kuma akwai bushewar ido.

Mai kiwon kuwa, ba a cinikin biri a sama. Ka taka da ƙafarka har inda aka haifi kwikwiyon ka ga uwar tare da 'ya'yanta. Duk wanda yace ku haɗu a gidan mai ko bakin shataletale ya miƙo maka ta tagar mota, ko yace uwar ta tafi Abuja, dillali ne ko kuma akwai abun da baya so ka gani. A Ingila tun Afrilun 2020 doka ta hana ɗan tsakiya sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, sai dai daga hannun wanda aka haifa a wurinshi ko gidan ceton dabbobi, mu nan ba mai tsare maka wannan sai idonka. In ka shiga hancinka ma zai baka labari. Ka tsaya ka kalli uwar da kyau, barewa bata gudu ɗanta yayi rarrafe, in tana ɗingishi ko tana numfashi kamar injin markaɗe ko ido na kwantsa ko ta rame ƙashin haƙarƙari a waje ko tana maƙurewa a lungu in mai ita ya matso, kaga abun da zaka kai gida. Ka tambayi shekarunta da haihuwarta ta nawa, waye uban, akwai dangantaka tsakaninsu? Gidan da kaga keji bisa keji, jinsi bakwai takwas, kowane wata akwai sabbin 'ya'ya, wannan masana'anta ce.

Katin rigakafi kuma kar ka yarda da rubutun biro kawai. Kowace allura akwai 'yar sitika da ake ɓarowa daga jikin kwalbar a manna, da kwanan wata da sa hannu da hatimin likita mai rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa, ka ɗauki lambar likitan ka kira a gaban mai karen. Dalili, allurar nan sai ta zauna a sanyin firji na digiri 2 zuwa 8, wadda aka sayo aka jefa a aljihun babur ta wuni ko ta kwana uku a firjin da ba wuta ruwa ce kawai, an tsira an rubuta amma babu kariya. Maganin tsutsar ciki shima tun sati 2 ake farawa, ka nemi ganin inda aka rubuta. Takardar waje kuwa kowane shagon kwamfuta zai buga maka mai kyau da zinare a gefe.

Ku yi yarjejeniya a rubuce cewa zaka kaishi wurin likitan da kai ka zaɓa cikin kwana 2 ko 3, in an samu matsala ka dawo dashi a baka kuɗinka, kuma kar ka tura kafin alƙalami akan hoto ko bidiyo. Wani abun da na lura dashi a shekarun nan, mai kiwon kirki shi ne ke tsare ka da tambayoyi har ka fara jin haushi, gidan haya ne ko naka, akwai ƙananan yara, wa zai zauna dashi in kun tafi aiki, kuma da bakinshi zai faɗa maka aibin jinsin. Af, ita amaryar ka tambayeta kuwa? Karnukan nan suna kai shekara 12 zuwa 15 fa, kuma wanka da tajewa da kwasar kashi nasan ba kai zaka yi ba.

Tambaya: Likita ina da Lasa mace wata 8 ta fara jini, ina so in haɗa ta da yayanta da ke wurin abokina tunda duk jini ɗaya ne 'ya'yan zasu fito tsantsa in samu na kashewa. Ko in haɗa ta da Eskimon maƙwabcinmu, ya fi ta girma sosai. Daga wani ɗan kasuwa a Kakuri.

Amsa: Abokina duka biyun a'a. Wata 8 ita kanta bata gama girma ba, wannan zuwan na farko ne a barshi ya wuce, kusan duk wata 6 yake dawowa ba gudu zai yi ba, ka jira ta kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Haɗa ta da yayanta kuwa shine ainihin hanyar da ciwukan da muka yi ta lissafawa a sama suke bi, aibin da ke ɓoye a jinin gidansu in ya zo ta uwa ya zo ta uba sai ya fito fili a 'ya'ya, kai ka karɓi kuɗi wata baiwar Allah a Malali ta kwana tana rarrashin yara. Namijin da ya fi ta girma sosai kuma 'ya'yan na iya fin ƙarfin ƙugunta su maƙale.

In har ka dage sai kayi, a fara duba gwiwarta da idonta da zuciyarta da haƙora, shima namijin haka, kuma a leƙa gabanshi da kyau domin akwai wani ƙari mai zubar jini da karnuka ke ɗauka wajen barbara, muna ganinshi sosai a nan. A gama mata rigakafi da maganin tsutsa kafin ciki. Kaska kuma da maganin da likita ya baka zaka kashe, banda fiya-fiya da baƙin mai da naga wasu na shafawa, ƙaramin kare ta fata yake zuƙe gubar. Cikin kwana 63 ne ko kusa da haka, ka rubuta ranar barbarar a kalanda. Bayan haihuwa ƙananan karnuka masu shayarwa sinadarin kalsiyam na jininsu kan faɗi a satuttukan farko, kaga tana haki tana rawar jiki ƙafafu sun sandare, wannan na gaggawa ne allura ta jijiya ake yi. Ranar naƙuda in ta yi minti 30 tana yunƙuri da ƙarfi ba abun da ya fito, ko awa 2 ta wuce tsakanin ɗa da ɗa alhali kasan akwai saura, tiyata ce ke kiranka. Ka zauna ka lissafa kuɗin wannan tiyatar da alluran 'ya'ya da abincin sati 10 ka cire daga ribar da kake hange, sannan ka ajiye lambar likitan da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare da motar da zata kaiku, domin a wannan lokacin ba zaka samu keke a Kakuri ba.